Saura Tara Ya Cika Karat

Edison, New Jersey
4 ga Agusta, 2003

Zuwa ga Baffa Mansukh,

Jai Shri Krishna. Ina taɓa ƙafafunka daga nesa, ina neman albarkarka. Yaya jikinka, yaya Gwaggo Ramila da ciwon gwiwarta? Mu nan lafiya lau, sai dai sikarin Baba da yake hawa yana sauka.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce Dhara, 'yar Bhupat Savaliya, wanda kakanka da kakansa wa da ƙane ne. An ce rabonka da ni tun ina shekara huɗu, ranar da na ɓarar maka da shayi a kan fararen kaya. Mama ce ta ba ni adireshinka. Ta ce kada in wahalar da kaina da waya, ƙarar faifan goge lu'ulu'u ta cinye maka kunne tun tuni.

An sa ranar baikona da wani yaro, Parth, a watan Disamba. Mun haɗa abin da muka tara ni da shi, dala dubu huɗu da ɗari biyar, don zoben lu'ulu'u, kuma ba mu da inda za mu ƙaro ko sisi. Na shiga shaguna huɗu. Wannan ya ce min G, wancan ya ce VS kaza, kowa ya turo min takarda, ni kuwa duk fari nake gani. Mahaifiyar Parth ta tambaye ni sau biyu, "Karat nawa za ku saya?" kamar mai tambayar nauyin jariri.

Baffa, ka taimake ni ka zaɓa min dutse. Baba ya taɓa cewa duk danginmu babu mai ido irin naka.

'Yarka,
Dhara

Varachha, Surat
19 ga Agusta, 2003

'Yata Dhara,

Ubangiji ya raya ki, ya sa albarka a abin da aka nufa. Muna nan. Gwiwar Gwaggonki tana faɗa mana zuwan ruwa kafin rediyo ya faɗa. Kunnena na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Na tuna shayin, kuma rigar ba ta ƙara fita ba.

Layin ƙarshe na wasiƙarki na karanta shi sau uku, sannan na ba Ramila ta karanta min shi a kunne. Bhupat ne ya faɗi haka? Ke ba ki san nauyin wannan magana ba, don haka bari in gaya miki.

Shekara goma sha tara da suka wuce muna ma'aikata ɗaya, ni a kan faifai, babanki yana shugaban ma'aikata. Lokacin ƙananan duwatsu muke gogewa, irin waɗanda in ka yi atishawa sun tafi. Sai ga wani babban ɗanyen dutse ya shigo, irin na sau ɗaya a shekara, aka ba ni. Babanki ya rubuta a takardarsa da jan biro: karat ɗaya cif. Na kwana uku ina dubansa. Na ga in har sai ya cika karat, dole in bar masa ƙugu mai kauri da gindi mai zurfi, haske ya shiga ya zube ta ƙasa. Hannuna ya ƙi. Na yanka shi yadda ya nema, ya fito kashi casa'in da huɗu cikin ɗari na karat. Ranar mutum sittin suka bar faifansu suka zo kallo. Babanki bai ko ɗaga gilashin dubawa ba. Ya ɗora shi a ma'auni, ya karanta lamba, ya ce, "Mansukh, ɗauki kwanon abincinka." A gaban kowa. Tun ranar babu babbar ma'aikatar da ta ƙara ba ni kujera. Yanzu dillanci nake a titin Mahidharpura, ina kai dutsen wani ga wani. Ba ni da shago, ba ni da jari. Abin da nake ci da shi ɗaya ne: in na ce to, to ne.

To in yau Bhupat ya tuna da idona, na gode. Ya makara, amma na gode.

Yanzu ga karatunki. Abu huɗu ake duba wa dutse, masu shago kuma uku za su yi ta yi miki surutu a kai, domin su ne a takarda.

Na farko nauyi. Farashi ba gangara yake hawa ba, tsalle yake yi. Dutse mai kashi casa'in da tara da mai karat ɗaya ko uwarsu ba ta bambance su, amma da zarar ma'auni ya nuna ɗaya, sai kuɗi ya yi sama. Kuɗin baki ne wannan, kuɗin a ce "karat ɗaya ne" a gaban surukai.

Launi kuwa daga D ake farawa ana gangarawa zuwa rawaya. D, E, F na matan masu ma'aikata ne. Ki tsaya a H ko I. In aka ɗaura shi a zinariya, babu mai gane bambancin sai wanda ya zo biki da farar takarda da fitila, wannan kuwa ba don ke ya zo ba.

Tsabta ita ce tabon ciki. Kowane dutse yana da shi, kamar mutane. Kada ki biya kuɗin rashin tabon da sai da gilashi ake nemansa. Ki tambaya kawai: ido yana gani? Kuma a ina yake zaune? In a gefe ne, maƙeri zai rufe shi da ƙafar zobe.

Na huɗu shi ne yanka, shi ne kuma dutsen gaba ɗaya. Takarda za ta ba ki faɗi da zurfi a lambobi, ta yi shiru, ba za ta ce miki wannan rayayye ne, wannan gawa ba. Da kuɗinku, in kika nace sai karat ɗaya, gawa za ki saya. Ki sauko kaɗan, ki sayi haske. Ba ni sati biyu.

Ki gaishe min da mamanki. Ki gaishe da Bhupat, ki ce ya rage zaƙi.

Baffanki,
Mansukh

Varachha, Surat
2 ga Satumba, 2003

'Yata Dhara,

Da fatan kowa lafiya. Mu ma haka, ban da ƙafata da ta kumbura don yawon da na yi miki.

Na duba dutse arba'in da ɗaya, na sami naki. Na hannun Kantibhai ne, babban ɗan kasuwa mai ofis a New York. Da na buɗe takardar na ɗaga shi da hantsaki, sai da Kantibhai ya yi dariya ya ce, "Tsoho, rufe bakinka, kana ƙara masa kuɗi."

Kashi casa'in da ɗaya ne, saura tara ya cika karat. Launinsa H. Yana da ɗan tabo ɗaya a gefe, inda ƙafar zobe za ta zauna. Faɗinsa milimita shida da ɗigo ashirin da huɗu. Na kai shi inuwa ƙarƙashin matakala, inda mugun dutse yake mutuwa, bai mutu ba. Wanda ya yanka shi ban san shi ba, amma na san maigidansa ya zage shi.

Dala dubu uku da ɗari tara, sauran ya ishi zinariya da aikin maƙeri. Ga kwafin takardar shaidarsa. In kin so shi zan liƙe. Ke 'yar Bhupat ce, ba sai na gaya miki ma'anar liƙi ba.

Baffanki,
Mansukh

Edison
16 ga Satumba, 2003

Baffana,

Ina gaisuwa, ina yi wa ƙafarka sannu, laifina ne. Muna lafiya.

Baffa, wannan shi ne! Na karanta wa Parth wasiƙarka a mota, muka yi ta dariyar mai zuwa biki da fitila. Tun jiya nake duban yatsana kamar yana kai. Ban san yadda zan gode maka ba. Labarin ma'aikata kuwa ban taɓa jinsa ba, ya taɓa ni ƙwarai.

Ranar Lahadi zan je gida in nuna wa su Baba takardar. Ina sauri, aiki ya yi yawa a kantin magani.

'Yarka,
Dhara

Varachha, Surat
30 ga Satumba, 2003

'Yata Dhara,

Lafiya lau muke, ƙafa ta saɓe. Wasiƙarki ta iso jiya da hantsi, kafin la'asar na gama aiki.

Na sami Kantibhai a bakin titi zaune a kan babur ɗinsa, mutane kewaye da shi. Na naɗe dutsen a takardarsa, na sa a ambulan, na liƙe, na rubuta farashi, na sa hannuna a kan liƙin daga gefe zuwa gefe. Ya duba ya ce, "An gama?" Na ce, "An gama." Shi ke nan, kamar yadda aka saba. Ba lauya, ba shaida, dutse ya zama naki, ba mai ƙara buɗe shi sai ke. Ko awa ba a yi ba wani ɗan Mumbai ya zo ya taya da ƙarin dala ɗari uku. Kantibhai ya nuna masa sa hannuna ya ce, "Na Mansukh ne, ka makara." 'Yata, na daɗe ban ji sunana ya fito daga bakin babba haka ba. Na biya na sayo wa Ramila alewar jalebi, ta ce ko na haukace.

Ambulan zai tafi ofishinsu na New York cikin satin nan. Ga adireshi da sunan wanda za ki nema. Ki je ki biya ki karɓa kafin bikin Diwali, ƙarshen shekarar 'yan kasuwarmu, domin Kantibhai yana son rufe shekara babu abin da ke rataye.

Me Bhupat ya ce da ya ga takardar? Ki rubuto min kalmominsa yadda ya faɗe su, kada ki gyara.

Baffanki,
Mansukh

Varachha, Surat
3 ga Nuwamba, 2003

Dhara,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. In wani ne ba shi da lafiya, ki gaya min.

Diwali ta zo ta wuce. Unguwa ta watse, kowa ya tafi ƙauye, ni da Ramila da karnuka muka rage, domin na ƙi in tafi mai kawo wasiƙa ya zo bai same ni ba. Kafin a rufe kasuwa Kantibhai ya tambaye ni sau huɗu. Na farko da dariya. Na huɗu bai kira ni tsoho ba, ya kira ni Mansukhbhai, da ladabi mai sanyi. Ofishinsu ya ce babu wanda ya zo.

Na ce masa 'yata tana da aiki, 'yar gidan lu'ulu'u ce, ta san liƙi. Kasuwa za ta buɗe ran goma sha bakwai. Ki rufa min asiri kafin nan.

Mansukh

Edison
18 ga Nuwamba, 2003

Baffa Mansukh,

Ina gaisuwa, da kunya. Kowa lafiya, babu wanda ya kwanta. Wasiƙunka biyu suna jakata, kullum in ce gobe zan amsa.

Ranar Lahadin da na faɗa maka a Satumba na nuna wa Baba takardar muna cin abinci. Ya sa tabarau, ya duba wuri ɗaya, ya ajiye. Ya ce, "Wa ya zaɓa miki wannan?" Da na faɗi sunanka sai ya ture faranti. Ya ce, "Har yanzu bai warke ba? Casa'in da ɗaya! In uwar yaron nan ta tambaye ki a gaban mata, me za ki ce? Ki ce saura tara? 'Yar Bhupat Savaliya ce za ta sa dutsen saura tara?" Na ce, "Baba, ai kai ka ce babu mai ido irin nasa." Ya ce, "Na faɗa. Kin ji ƙarshen maganar? Cewa na yi babu mai ido irin nasa, kuma idon ne ya tsiyata shi."

Baffa, na san ƙarshen maganar tun ranar da na rubuto maka. Na yanke shi ne don ina tsoron ba za ka amsa min ba. Baba bai ma san na rubuto ba. Wannan laifina ne ni kaɗai.

Asabar ta gaba ya ɗauke ni da Parth zuwa titin masu lu'ulu'u a New York, wajen wani abokinsa. Mun sayi karat ɗaya da kashi biyu, launi J, a daidai kuɗinmu. A ƙarƙashin fitilun shagon yana walƙiya sosai. Mahaifiyar Parth ta ji daɗi, ta riga ta gaya wa kowa.

Amma Baffa, ni ban ce ka saya ba. Cewa na yi wannan shi ne, murna nake, kuma na rubuta cewa zan nuna a gida. Ban taɓa jin wani liƙi ba, Baba ba ya zancen Surat da mu. A nan ko ka sayi abu kana da kwana talatin ka mayar. Dutsen ma bai bar ofishinsu ba, ba abin da suka rasa. Ba za ka yi wa Kantibhai bayani ba?

Na sa cak na dala ɗari biyu saboda wahalarka. Ga kuma kwafin takardar sabon dutsen. Don Allah ka duba min. A gida ina ganin kamar tsakiyarsa ta yi duhu, Parth ya ce idona ne. Ba shi da muni sosai, ko?

'Yarka mai neman gafara,
Dhara

Varachha, Surat
2 ga Disamba, 2003

Dhara,

Muna raye. Gwiwa tana nan, kunne yana nan. Tunda kowa lafiya a wajenku, to madalla.

Ga cak ɗinki na mayar. Dillali yana karɓar lada ne in ciniki ya faɗa.

Kin ce in yi wa Kantibhai bayani. Ya riga ki. Ran ashirin da huɗu ambulan ya dawo daga New York. Bai kira ni ofis ba, a bakin titi ya jira ni, a kan babur ɗin nan, lokacin da kasuwa ta fi cika. Ya ɗaga ambulan ya ce, "Jama'a, hannun wa ke nan?" Aka ce na Mansukh. Ya miƙo min ya ce, "Kai ka liƙe, kai za ka yage." Na yage da hannuna. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kawai, "Shekara nawa kana titin nan?" Na ce goma sha shida. Ya gyaɗa kai, ya juya ya ci gaba da magana da wani. Kafin in kai bakin layi an sayar da dutsen, da riba.

Gaskiyarki, ba abin da suka rasa. Kwana takwas ke nan ina fita da gilashina a wuya, ina gaida mutane, suna amsawa da fara'a, babu wanda ya miƙo min takarda ko ta dutsen kwabo. Jiya wani da na koya wa riƙe hantsaki ya ce min, "Baffa, kawo kuɗi a hannu tukuna." Ramila ta ce mu koma ƙauye, akwai ɗakin yayanta. Ina jin haka za a yi.

Na sake karanta wasiƙarki ta Satumba. Layin Lahadi yana nan, ban musa ba. Na gan shi tun ranar. Na ɗauka za ki kai wa Bhupat ne ya gani ya ce, "Mansukh ya yi daidai." Wannan nake jira, shi ya sa na yi gaggawa kamar sabon shiga. Na ɗauka kuma babu yadda za a yi mutum ya ci abincin sana'ar nan shekara ashirin, 'yarsa ta girma ba ta san liƙi ba. Wautata biyu ke nan, ba na ɗora miki su. Abin da na ɗora miki ɗaya ne. Ni mai yanka ne, na san abin da ake nufi in an yanke wa abu gindi don fuskarsa ta yi kyau a kasuwa. Haka kika yi wa maganar babanki, ni kuma da duk idona na saya.

Kin ce in duba miki takarda. Na duba, aikina ne. Ba idonki ba ne, tsakiyarsa duhu ce, kuma haka za ta zauna. Ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin faɗinsa: milimita shida da ɗigo sifili takwas. Wanda na zaɓa miki shida ne da ɗigo ashirin da huɗu. Karat ɗinki cikakke ya fi saura tara ƙanƙanta a ido. Nauyin da kuka biya yana ƙugu da gindi, maƙeri zai binne shi a cikin zinariya, ba ke ba mahaifiyar Parth ba wanda zai ƙara ganinsa. Na san dutsen nan kamar na haife shi. Shi ne wanda babanki ya ce in yanka na ƙi.

Shawara ta ƙarshe, kyauta. Ranar baiko ki tsaya inda fitilu suka fi yawa, kada ki je kusa da taga. Ki riƙa wanke shi da sabulu kowane sati, domin irinsa ba ya jure maiƙo. Takardar kuma ki ajiye ta a jaka kusa da hannu, ita ce za a riƙa kallo.

Kada ki aiko katin biki nan, ba za mu kai lokacin a gidan nan ba. Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, wannan da zuciya ɗaya na faɗa.

Ki gaya wa Bhupat, yadda na faɗa, kada ki yanke ko kalma: ya jira shekara goma sha tara, ya sami karat ɗinsa. Ni kuma na ɗauki kwanon abincina.

Mansukh Savaliya